Kakana ya yi yaƙin Bama, ta ina zan fara neman tarihin aikinsa na soja?

Abban_Yakasai:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina neman taimakon waɗanda suka san kan tarihi. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu) zamanin Turawa, ya rasu tun ina ƙarami ban wani san shi sosai ba. Kwanan nan ana gyaran ɗakin da kakarmu ta zauna sai aka fito da wata tsohuwar adaka, a ciki muka tarar da mindodi guda uku a ƙulle cikin tsumma, biyu masu siffar tauraro ɗaya kuma zagayayya kamar tsohon sulai amma ta fi shi girma, sai wani ɗan littafi da gara ta cinye rabinsa, ana ganin NA da wasu lambobi a bangon amma na ƙarshen sun tafi. So nake in san wace bataliya ya yi, ina da ina ya je, yaushe ya dawo. Babana ya rasu, ƙannensa kuma kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce Indiya wancan ya ce Habasha wani ma ya ce Masar. Ta ina ake farawa? Akwai inda ake ajiye irin waɗannan bayanai a nan Kano ko sai an fita?

UmmuKhalifa:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Wlh nima ina bin wannan magana da kyau don kakan mamana ma ya je, mu ko takarda ɗaya ba mu da ita.

Malam_Tarihi_BUK:
Wa'alaikumus salam Abba. Abin da ka samu ba ƙaramin abu ba ne, mutane da yawa da baki kawai suke farawa. Kafin komai ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan da waya a wuri mai haske, kada ka sa masa gam ko salatif, kada kuma ka kai a manne maka shi da roba mai zafi, tana lalata tsohuwar takarda. Wannan NA ɗin da ka gani ita ce farkon lambar sojan Najeriya a rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma wadda ake kira RWAFF, 'yan Gana na wancan lokaci nasu GC ne. Lambar ta fi sunan muhimmanci a wajen bincike, saboda Turawa ba sa rubuta sunan uba yadda muke yi, sunan gari suke liƙa wa mutum, sai ka ga Musa Kano, Garba Sakkwato, Audu Katsina, a bataliya ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya da yawa, lamba ce kaɗai take raba su.
Na biyu, taurarin nan biyu kowace akwai sunanta a rubuce a zagaye a tsakiyarta. Ka goge su a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi ka karanto mana abin da ke jiki. Daga nan za mu iya cewa wani abu.

Dan_Gwammaja:
Ai Malam in dai minda ce ba sai ya duba baya ba? Na ɗauka ana buga sunan mutum da lambarsa a jiki, in haka ne ai lambar da gara ta ci za ta fito.

Malam_Tarihi_BUK:
@Dan_Gwammaja ba a buga wa irin waɗannan suna ba. Mindodin halartar yaƙi na 1939 zuwa 1945 da Ingila ta raba haka suke fitowa bayansu fayau. Waɗanda ake buga suna da lamba a gefensu su ne na jarumta, irin su MM da DCM, wanda aka ba mutum don wani abin bajinta da ya yi shi kaɗai. Amma ya duba gefen zagayayyar ɗin dai, ba a sani ba.

Abban_Yakasai:
Na duba Malam. Ɗaya an rubuta Burma Star, zarenta ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Ɗayar ta yi baƙi sosai sai da na haska da fitilar waya, Africa Star aka rubuta, ita zarenta ya ruɓe saura ɗan guntu mai launin ƙasa-ƙasa. Zagayayyar kuma akwai kan sarki a gaba, a baya zaki ne ya taka wata dabba mai kai biyu, an sa 1939 da 1945. Babu suna ko'ina.

Malam_Tarihi_BUK:
Madalla. To ka ga ƙannen babanka ba su yi saɓani ba, wanda ya ce Habasha da wanda ya ce Indiya duk gaskiya suka faɗa. Zagayayyar ita ce mindar yaƙi ta gama-gari, kusan kowa ya samu. Tauraron Afirka kuwa ana ba wanda ya yi yaƙi a Arewacin Afirka ko Gabashinta ne tsakanin 1940 da 1943. Sojojin Najeriya da suka je gabas, wato bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3, su ne suka yaƙi Italiya, suka shiga Magadishu a watan Fabrairun 1941, daga nan suka nausa arewa har Harar a ƙasar Habasha cikin 'yan makonni, tafiyar da har yau ake ba da labarin saurinta. Bayan sun dawo gida aka sa waɗannan bataliyoyi uku cikin runduna ta 82, ita ce ta tafi Indiya a 1944 ta shiga yankin Arakan na Bama a ƙarshen shekarar. Saboda haka mutumin da yake da taurarin nan biyu tare, inda zan fara nemansa ke nan, bataliya ta 1 zuwa ta 3, runduna ta 82.

Saje_Mai_Ritaya:
Salam. Ni tsohon soja ne amma na baya-bayan nan, mahaifina ne ya yi na Bama. Malam bayaninka ya yi kyau sai dai in ƙara abu ɗaya, kada yaron nan ya kafe a kan bataliya uku ɗin nan kawai. Lokacin da aka buɗe sababbin bataliyoyi ana ɗibar kurata da yawa, tsofaffin hannu da suka dawo daga Habasha su aka riƙa rarrabawa a matsayin kofur da saje don su horar da sababbi. Mahaifina haka aka yi masa, ya je gabas ya dawo aka mai da shi wata bataliyar daban. Sannan ba kowa ne ɗan bindiga ba, akwai direbobi, akwai 'yan igwa, akwai masu aikin asibiti da masu sigina da injiniyoyi, su ma duk sun samu taurarin nan. Ɗana ka duba littafin da kyau ko akwai inda aka rubuta muƙaminsa ko sana'arsa.

Malam_Tarihi_BUK:
Gaskiya ne Baba Saje, wannan gyara ne mai amfani. Allah ya ƙara girma.

Hajiya_Fagge:
Ni abin da zan ce maka ɗana, ka bar zancen ofis tukuna ka nemi tsofaffin gidanku mata. Maza suna riƙe sunan gari da na yaƙi, mata kuwa su suke riƙe lokaci, za ta ce maka ya tafi ina da cikin wane, ya dawo wane yana tafiya da ƙafarsa, shekarar da aka yi kaza. Da haka za ka lissafa shekarun da kanka. Mu a gidanmu gwaggon babanmu ce ta ba mu labarin yayanta kaf, har waƙar da suke yi in suna maci ta rera mana, ba mu ɗauka a waya ba ga shi ta rasu bara, yanzu ko baiti ɗaya babu mai iya kawowa daidai. Abin yana ci mini rai har gobe. In akwai wata tsohuwa da ta rage ka je gobe-goben nan, ka kai mata goro ka zauna ka kunna rikoda, kada ka yi mata tambaya irin ta 'yan jarida, ka bar ta ta yi ta zuba.

Abban_Yakasai:
Hajiya na gode ƙwarai. Akwai ƙanwarsa guda ɗaya da ta rage a Kurna, ta tsufa sosai amma hankalinta garau. In sha Allah zan je.
Baba Saje akwai wani shafi da aka rubuta Cpl, ina jin kofur ke nan ko?

Saje_Mai_Ritaya:
Kofur ne, igiya biyu. To ka ga maganata.

Sadiq_Hotoro:
Ni fa tambayata daban ce, kada a ji haushi. Mutanen nan da son ransu suka tafi ko kama su aka yi? Don ni abin da na taso ina ji shi ne hakimai da dagatai aka ba adadi, kowa ya kawo samari kaza, wanda ba shi da gata shi ake turawa. In haka ne mene ne abin alfahari a ciki, yaƙin Turawa ne da Jafan, mu me ya haɗa mu da su? Mutanen da suka ci Kano da yaƙi a 1903 su ne kuma bayan shekara arba'in muka je muna mutuwa dominsu.

UmmuKhalifa:
Haba Sadiq, bawan Allah yana neman tarihin kakansa ne ba wai yana yabon Turawa ba.

Sadiq_Hotoro:
Anti ban ce kada ya nema ba, cewa na yi a faɗi gaskiyar yadda aka tafi da su.

Malam_Tarihi_BUK:
Tambayar Sadiq tana kan hanya kuma duka biyun sun faru. Akwai waɗanda suka kai kansu saboda albashi da kaki da abinci, ko don gudun wata matsala a gida, akwai kuma waɗanda matsin masu sarauta ya tura, domin Turawa ta hannun sarakuna suke neman mutane, a Kano lokacin Sarki Abdullahi Bayero ne yake kan gado. Sannan akwai wani abu da ake yawan haɗawa da soja alhali ba soja ba ne, wato aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, bayan Jafan ta kama Malaya inda Ingila take samun kuza. An kwashi mutane da yawa daga lardunan Arewa, sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da dama. Wasu gidajen za ka ji an ce kaka ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, in ka bi diddigi sai ka tarar Jos aka kai shi. Shi ya sa binciken yake da amfani ko da mutum yana ganin yaƙin ba namu ba ne, ta nan ne za a san abin da aka yi wa kowa.

Bintu_Gyadi2:
Innalillahi. Malam wannan magana ta taɓa ni. Mu ƙanin kakanmu ne ya tafi bai dawo ba, matarsa ta yi shekaru tana jira ba takarda ba saƙo, daga baya wani abokinsa da suka tafi tare ya dawo ya ce ya rasu a daji a Bama zazzaɓi ya kama shi, da shaidar wannan mutumin aka yi mata takaba. Har ta rasu tana ajiye da hularsa. Mu ba minda ba littafi, suna kawai muke da shi. Akwai yadda za a yi mu san inda aka binne shi?

Injiniya_Nura:
@Bintu_Gyadi2 naki ya fi sauƙi a wani ɓangaren, don waɗanda suka rasu an fi rubuta su a kan waɗanda suka dawo. Akwai hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, ki rubuta CWGC a Google shafinsu zai fito, kyauta ne. Ki sa sunansa na yanka a wajen suna, ki gwada sunan garinku a matsayin sunan mahaifi, ki zaɓi yaƙin duniya na biyu. Zai kawo miki lamba, muƙami, bataliya, ranar rasuwa da wurin da aka rubuta sunan. Ki yi haƙuri da rubutun don yadda Bature ya ji haka ya rubuta, Garba zai iya zama Garuba, Abdu ya zama Audu, Mamman ya zama Mama ko Momo, Kano ma wani lokacin ƙauyen mutum ake sawa maimakonta. Waɗanda ba a san kabarinsu ba a Bama sunayensu suna jikin bangon tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, sunaye kusan 27,000 ne a wurin na ƙasashe daban-daban, akwai 'yan Najeriya da yawa a ciki. Ni a nan na ga sunan yayan kakata, na buga takardar na kai mata, ta sa aka karanta mata sau biyu sannan ta ce a kira liman a yi masa addu'a.

Bintu_Gyadi2:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Yanzu na gwada, masu sunansa da Kano sun fito har mutum huɗu, ya zan gane wanne ne?

Injiniya_Nura:
Nan ne maganar Hajiya_Fagge take shigowa. Ki tambayi manya wace shekara ya tafi, kuma abokin nan da ya kawo labari in jikokinsa suna nan ki neme su, in suna da takardar sallamar kakansu za ki ga bataliyarsa, galibi waɗanda aka ɗiba tare lambobinsu suna kusa da juna. Sai ki gwada da na mutum huɗun nan.

Sadiq_Hotoro:
Amma fa a sani ba kowa suka rubuta ba. Ita kanta hukumar a 2021 ta fitar da rahoto ta amsa cewa sojoji da 'yan dako baƙaƙe sama da 100,000 ba a rubuta sunayensu ba, har ministan tsaron Ingila ya ba da haƙuri a majalisa.

Malam_Tarihi_BUK:
Haka ne Sadiq, sai dai wancan rahoton a kan yaƙin duniya na ɗaya ya fi tsayawa, na 1914 zuwa 1918, musamman Gabashin Afirka. A na biyu an fi samun sunaye. Duk da haka rashin ganin suna ba ya nufin mutum bai je ba.

Dan_Gwammaja:
Wai ni barikin Bukavu ɗin nan namu na hanyar Katsina ba daga Bama aka samo sunan ba? Na taɓa ji an ce duk sunayen barikokin nan wuraren yaƙin Bama ne.

Saje_Mai_Ritaya:
A'a ɗana, Bukavu gari ne a Kwango, sojojinmu sun je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960. Na Bama su ne Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, sai Chindit a Zariya inda ake horar da kurata. Mogadishu kuma daga yaƙin gabas ne da Malam ya faɗa. Mu muna aiki muna kiran sunayen nan kullum, da yawanmu ba mu san ƙauyuka da koguna ne da iyayenmu suka zubar da jini ba sai da muka girma.
Mahaifina ba ya son ba da labarin harbi, abin da ya fi faɗa shi ne ruwan sama da matsattsaku da kaya a ka. Ya ce akwai rukuni guda na sojoji da aikinsu ɗaukar kaya ne kawai a ka cikin duwatsu inda mota ba ta shiga, harsashi da abinci da sassan igwa, abinci kuma jirgin sama ne yake jefo musu da lema. In ya ga ana wasa da abinci a gida ransa ɓaci yake, ya ce ku ba ku taɓa jiran jirgi kwana uku ba.

Malam_Tarihi_BUK:
Abin da Baba ya faɗa shi ne ainihin yadda runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta sama ake ciyar da su gaba ɗaya. Ita ta riga ta 82 zuwa, tun 1943 ta isa Indiya. A cikinta ne aka cire bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke da jirage a bayan layin Jafan. Rundunonin biyu sun haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. Jafan ta miƙa wuya a Agustan 1945 amma yawancin mutanenmu sai 1946 suka dawo saboda jiran jirgin ruwa.
Abba, mu koma kan tambayarka ta ofis. Ga yadda zan bi in ni ne. A Kano ka fara da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Lijiyon, ko ba su da fayil ɗinsa za su iya haɗa ka da iyalan abokan aikinsa. Ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, suna da fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa, a ciki ake samun wasiƙu kan ɗibar soja da sallama da neman aiki ga mazan jiya, ga kuma Gidan Arewa. Ka nemi tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, an fara ta a Zariya a 1939 kuma ta riƙa kawo labarin yaƙin da Hausa. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa kuma a Lakwaja yake, can sai da wasiƙa a rubuce da lambar mutum.

Aisha_London:
Sannunku. Ni 'yar Dala ce amma ina karatu a Ingila, na taɓa shiga gidan adana takardu na Kew don irin wannan binciken na kakan mijina. Abin da ke can shi ne kundin da kowace bataliya take rubutawa kullum, yau mun tashi daga wuri kaza mun sauka wuri kaza, an yi arangama, an rasa mutum kaza. Na Bama suna ƙarƙashin WO 172, na Afirka ta Yamma WO 173. Gaskiya sunayen hafsoshi Turawa ne suka cika su, ƙaramin soja baƙi ba kasafai ake ambatonsa ba sai in an kashe shi ko ya yi wata bajinta. Amma in ka san bataliyar za ka bi sawunsu rana-rana ka san inda kakanka ya taka. Akwai kuma WO 373, takardun da aka rubuta don neman a ba mutum lambar jarumta, su ana iya nema da suna ta intanet daga Kano ma. Abba in ka tabbatar da bataliyar ka yi mini magana, in na samu sarari zan ɗauko maka hotunan shafukan, ba sai ka biya komai ba.

Abban_Yakasai:
Kai Yaya Aisha Allah ya biya ki, ya ba da sa'ar karatu. Wlh ban zaci zan samu wannan haske haka ba.

Baffa_Birged:
Ina so in ja kunnen kowa a nan. Shekarun baya wasu mutane sun zo unguwarmu da fom suna cewa Ingila za ta biya jikokin waɗanda suka yi yaƙin Bama, kowa ya kawo kuɗin rajista da takardun asali. Mutane suka bayar, mu ma aka karɓi takardar sallamar kakanmu ta asali, daga ranar ba mu sake ganinsu ba, kuɗin bai dame mu ba kamar takardar. Kada wanda ya ba wani asalin takarda ko minda, hoto ko kwafi kawai. Masu sayen kayan tarihi ma suna yawo, za su ba ka 'yan dubbai su tafi da abin da ba za ka sake samu ba.

Hajiya_Fagge:
Wannan gaskiya ne Baffa, mu ma sun zo mana.

Sadiq_Hotoro:
To ai dalilin da ya sa ake samun mutane da wannan yaudarar shi ne kowa ya san an cuce su a kuɗin sallama, abin da aka ba baƙar fata bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. Kakan abokina da ya dawo gadi ya ƙare da shi a kanti a Sabon Gari.

Saje_Mai_Ritaya:
Ba a musu an yi bambanci. Amma ba duka ne suka wulaƙanta ba, wasu sun shiga 'yan doka, wasu direbobi suka zama don a soja suka koyi mota, wasu masinjoji a En'e. Da aka fara yaƙin basasa a 1967 an sake kiran mazan jiya da yawa suka koma kaki, mahaifina yana cikinsu. Abba wannan ma wata ƙofa ce, in kakanka ya koma a lokacin to yana da sabuwar lamba da fayil a sojan Najeriya, wannan ya fi sauƙin samu a kan na Turawa, wataƙila ma da fansho. Ka tambaya a gida.
Kuma ku nemi tarihin Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Ya fara soja a wajen Jamus a Kamaru, ya dawo wajen Ingila, ya yi Habasha ya yi Bama har ya kai babban samanja. Irinsu ne suka riƙe bataliyoyin nan, Hausa ce kuma harshen bariki a lokacin, Turawan ma sai sun koya.

Abban_Yakasai:
Jama'a na dawo daga Kurna. Na yi yadda Hajiya ta ce, na kunna waya na ajiye a gefen tabarma. Ta ce tafiya biyu ya yi, ta farko ya dawo ya yi kamar shekara biyu ana ganinsa yana zuwa hutu daga Kaduna, a nan aka ɗaura aurensa da kakarmu, sannan aka sake tafiya da su ta Ikko a jirgin ruwa. Ta ce da ya dawo na biyun a tashar jirgin ƙasa suka tarye shi, ya rame ya yi baƙi, ya zo da bargo da wani kwano mai murfi da buta ta ƙarfe, kuma ya daɗe ba ya iya barci a ɗaki sai a tsakar gida. Ta ce yana yawan ambaton wani wuri da take kira Miyahan. Bai koma lokacin Ojukwu ba don ƙafarsa ta samu matsala. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba da tana faɗa.

Malam_Tarihi_BUK:
Allahu akbar. Miyahan ɗin nan Myohaung ce, ba na shakka. Tafiya biyu da tazarar da ta faɗa sun dace da wanda ya je gabas a 1940 ya dawo 1941 sannan ya tafi Bama. Yanzu saura bataliya. Ka duba shafukan ƙarshe na littafin inda hafsa yake sa hannu, galibi akwai hatimi, ko rabinsa ne ya rage ka turo hoton.

Saje_Mai_Ritaya:
Rundunonin biyu duk sun je Myohaung fa Malam, don haka har yanzu ban cire ta 81 ba. A jira hatimin.

Malam_Tarihi_BUK:
Na yarda Baba, a jira.

UmmuKhalifa:
Ni kuma nawa kakan mamana Masar aka ce ya je ba Bama ba, an ce ba ya riƙe bindiga, aikin gini da sauke kaya suke yi a sansani. Shi ma soja ne ko lebura? Kuma irinsu a ina za a neme su?

Injiniya_Nura:
Soja ne Anti, akwai rukunin ma'aikata masu kaki da lamba da aka kai Gabas ta Tsakiya daga Afirka ta Yamma, su ma ana ba su minda. In ya dawo da rai CWGC ba za ta nuna shi ba, sai dai ta hanyar Kaduna da Lijiyon kamar yadda Malam ya faɗa. Ki fara tambayar mama ko akwai wanda ya gaji adakarsa a cikin 'yan'uwanta.

Bintu_Gyadi2:
Na samo jikan abokin nan, ashe a Rijiyar Lemo suke, ya ce akwai wasu takardu a wajen yayansu da ke Zariya zai sa a turo hoto. Malam in sun zo zan sa a nan ku duba mini lambar, don biyu daga cikin mutum huɗun bataliyarsu ɗaya.